Tampol mai lamba 650 a daminar Ikko: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duk mai kasa kaya a kasuwannin Ikko irin su Mile 12 ya san ruwan Yuni da Yuli ba ya sallama. Tampol ɗin da ake yayi don rumfa da rufe tirela shi ne mai kaurin nan na roba, PVC, da ake rubuta wa 650 GSM a jiki. GSM ɗin nan ba ruwansa da wayar salula, nauyin murabba'in mita ɗaya ne a giram. Shuɗin nan na leda da ke ko'ina yakan tsaya tsakanin 80 da 200, don haka ba sa'anni ba ne.

Na gaskiyarsa ya ci kuɗinsa. Matsalar ita ce rubutun jikin kaya kowa na iya bugawa. Kafin a sallama ciniki a ɗora shi a sikeli, ko na masu albasa ne. Mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6 murabba'in mita 24 ke nan, ya kamata ya yi kilo 15.6, har ya ɗan gota saboda kalmasa da zobba. In allura ta tsaya a kilo 10, ɗan 420 ne aka sa wa babbar riga.

Sikelin ma ba ya gama magana, domin nauyi daban, ƙarfi daban. Tampol hawa uku ne: saƙar zaren foliyesta a tsakiya, shafin roba sama da ƙasa. Roba ke tare ruwa, zare ke hana yagewa. A nemi mai 1000D. Wannan D kaurin zare ne, wato giram nawa zare mai tsawon mita 9,000 zai yi. Masu ha'inci kan rage zaren, su cika robar da garin alli don ta yi nauyi a hannu. A ninke gefensa a matse da yatsa sosai. In farin layi ya fito ya zauna, nan zai fara tsagewa da zarar rana ta gasa shi. A kuma haska fitilar waya ta bayansa: saƙa mai kyau a matse take, layi-layi, babu wagegen gurbi.

Inda aka haɗa falle biyu, liƙin zafi ake so, ba ɗinkin allura ba, don kowace huda ƙofar yoyo ce. Zobban ɗaure igiya kuwa, nan da yawa ke faɗuwa. Na baƙin ƙarfe iskar teku mai gishiri tana sa su tsatsa, su ci yadin da ke kewaye, iska ɗaya ta fizge su. Gara na tagulla ko alminiyam, tazarar kamar rabin mita, da igiya a cikin kalmasar gefe.

Galibin yagewar da ake ɗora wa tampol, laifin ɗauri ne. In rumfa ba ta da gangara ruwa zai kwanta, kuma ruwa mai zurfin santimita 5 a murabba'in mita ɗaya kilo 50 ne. A ɗaga gefe ɗaya, a ja shi ya miƙe, a naɗe bakin fayif da tsumma ko tsohon tub.

Aibin tampol ɗin roba biyu ne. Mutum ɗaya ba ya shimfiɗa babbansa, sannan ba ya numfashi. A lulluɓe albasa da shi ruf, gumi zai taru ta fara ruɓa daga ƙasa. Dole a bar wa iska hanya ta gefe, ko a koma tampol na auduga, wanda shi kuma in an naɗe shi a jiƙe fumfuna ta cinye shi.

Masu sayen ƙaramin tanti na kwana su lura lissafinsu daban ne. 190T ko 210T yawan zare ne a murabba'in inci, ba kauri ba. Lambar da ke nuna tare ruwa ita ce ta milimita: 1,500 zuwa sama a rufi, 3,000 a shimfiɗar ƙasa. Nailan yana saki in ya jiƙe kuma rana ta fi saurin cin sa, foliyesta ya fi dacewa da nan. A shanya tantin sarai kafin a mayar jaka, in ba haka ba danshin iskar Ikko zai sa shafin cikinsa ya yi danƙo yana wari.