Mashayun ƙungurmin dajin Ostareliya: daga Parachilna zuwa William Creek

A cikin dajin Ostareliya mashaya ba wurin sha ba ce kawai. Ita ce gidan abinci, ita ce masauki, wani lokacin ma a nan ake sayen fetur kuma a ji labarin hanya. Saboda haka ko wanda bai taɓa kusantar giya ba, a nan zai yada zango.

Wadda ta fi kowace a wannan hanyar ita ce Prairie Hotel da ke Parachilna, kusan kilomita 500 arewa da Adelaide, babban birnin jihar Kudancin Ostareliya, a gindin duwatsun Flinders. Tun 1876 take da lasisi. Abin da ya fito da sunanta gasasshen naman daji ne: kangaru, emu (tsuntsu ne mai kama da jimina), raƙumi da akuya. Naman kangaru ba shi da kitse, don haka ba a barinsa ya daɗe a wuta; in ka nace a gasa maka shi ƙurmus, za ka tauna kamar fata. Musulmi ya sani ba lallai yankan ya zama na halal ba, sai ya tambaya tun kafin ya yi oda, ko ya nemi abincin da ba nama.

Batun giyar inabi kuwa, Kudancin Ostareliya gidanta ne. Kwarin Clare, da ya yi suna da farar giyar Riesling, yana kan hanyar zuwa, kwarin Barossa mai jar giyar Shiraz ma ba nisa daga Adelaide. Samun kwalba mai kyau ba wuya, ajiyarta ce matsalar. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi kan wuce digiri 40, kuma kwalbar da ta kwana biyu a bayan mota ko a sito mai rufin kwano ta dahu, ɗanɗanonta ya koma na dafaffen 'ya'yan itace. Masu sha da suka san kan abin sukan tambayi abu biyu: ina aka ajiye ta, kuma yaushe aka buɗe ta. Inda baƙi ba su da yawa, kwalbar da ake sayarwa kofi-kofi tana iya yin kwanaki a buɗe har iska ta tsamar da ita. Jar ma a wannan zafin sai an sa ta a firji na minti 20.

Wanda ba ya sha ya nemi lemon citta na Bundaberg. A yi hattara da haɗin lemon tsami da suke ɗiga wa Angostura, wani ruwa mai ɗaci na ƙara ɗanɗano, domin ɗigon nan akwai barasa a cikinsa.

Gaba da Parachilna Marree ce, garin da matuƙa raƙuma Musulmi, waɗanda ake kira 'yan Afganistan, suka zauna har suka gina masallaci. Daga can kilomita 200 ne na burji a kan hanyar Oodnadatta zuwa William Creek, mashayar da ke tsakiyar Anna Creek, makiyayar shanu mafi girma a duniya. Ba wurin ƙawa ba ne, bangon cike yake da huluna da katunan matafiya. Amma karɓar baƙi a nan ta fi ko'ina daɗi, don duk wanda ya shigo sai an tambaye shi daga ina, kuma yaya hanya.

A waɗannan mashayun, a gaban kanta ake yin oda a biya, babu mai zuwa teburinka. Kicin yakan rufe wajen ƙarfe 8 na dare, wanda ya makara sai biskit. A kama ɗaki tun da wuri tsakanin Mayu da Satumba, a riƙe safayar taya biyu da ruwa mai yawa, kuma a isa kafin magariba, lokacin da kangaru ke faɗo wa titi.