Elegushi, Tarkwa ko Badagry: ina ya dace a kai iyali?

Da zarar hutun Sallah ya matso, mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas kan fara shawarar inda za a kai yara su ga teku. Bar Beach dai ya zama tarihi, an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, wani ɓangaren wurin shaƙatawa na bakin teku na Landmark kuma an rushe shi a 2024 saboda titin gabar teku na Legas zuwa Kalaba.

Elegushi da ke Lekki ba shi da wahalar zuwa, amma ban ba mai iyali shawarar zuwa can da yamma ba. Kiɗa ba ƙaƙƙautawa, giya a rumfuna, kuɗin shiga daban, na ajiye mota daban. In ya zama dole, a je da hantsi a baro kafin la'asar, kuma a riƙe hannun yara, domin igiyar ruwan nan tana jan mutum.

Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa, ana shiga daga wajen Marina ko Victoria Island. Katangar duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa tana karya ƙarfin igiya, shi ya sa ruwansa ya fi lafawa. Kada ku yarda jirgi ya tashi sai kowa ya sa rigar hana nutsewa, a kuma tsayar da lokacin dawowa da mai jirgin tun da rana.

Ni dai Badagry na fi so wa mai yara 'yan makaranta. Nisa ne matsalarsa: yana can kusa da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, kuma hanyar daga Mile 2 takan ci sa'o'i in cunkoso ya kama, don haka bayan sallar asuba ake kama hanya. Amma wahalar tana biya. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya. Akwai gidan Seriki Abass, wani mai fataucin bayi na da, inda har yanzu ake nuna ƙananan ɗakunan da aka cusa bayi, masu duhu da 'yar taga can sama, ga sarƙoƙin ƙarfe masu nauyi da ake ɗaura musu a wuya. Daga nan a haye da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin rairayi har bakin tekun da ake loda su a jirage, ba dawowa. Tafiyar ƙasa ce cikin rana, tsofaffi za su sha wuya, gara su huta a inuwa su sha ruwan kwakwa, wadda garin ya yi suna da ita.

Ko ina aka zaɓa, a tafi da tabarma da buta da ruwan alwala da tsabar kuɗi ƙanana, a kuma yi cinikin rumfa da hawan doki kafin a zauna ko a hau.