Akwatin gwajin lantarki da na saya wa 'yata: bayan wata biyu

Yarinyata tana aji uku a ƙaramar sakandare. Ta haddace cewa lantarki ba ya gudana sai kewayensa ya rufu, amma ranar da na tambaye ta me ya sa fitila ke mutuwa in an danna makunni, sai ta yi shiru. Abin ya tsaya min a rai. Shi ya sa da na ga wannan akwatin gwaji na 'yan makaranta a kasuwar Sabon Gari, ban yi wata-wata ba na saya.

A ciki akwai gidan batir mai cin biyu, ƙananan ƙwayayen fitila, makunni, wayoyi masu maƙalli a baki, sandar maganaɗisu, kamfas mai nuna arewa, ƙusa da ƙullin siririyar wayar jan ƙarfe. Babu batir, kuma mai shagon bai gaya min ba, sai da muka buɗe a gida.

Daren farko muka sa batir biyu, kowanne volt 1.5, suka ba mu 3. Ta jera ƙwai biyu a layi ɗaya, hasken ya dusashe, tana cire ɗaya ɗayan ya mutu. Sai ta sake haɗawa, kowane ƙwai da hanyarsa zuwa batir. Haske ya dawo tar, ta cire ɗaya, ɗayan ko gezau. Ta ɗago kai ta ce, "Abba, ashe haka wayarin gidanmu yake, shi ya sa ƙwan kicin ya ƙone amma na falo bai mutu ba." A nan kaɗai kuɗina sun fita.

Gwajin ƙusa ne ya ba mu wahala. Mun naɗa wayar jan ƙarfen a jikin ƙusa kusan sau hamsin don ta zama maganaɗisu, muka haɗa da batir, ƙusa ta ƙi ɗaukar ko allura. Ashe wayar tana da wani siririn rufi mai sheƙi da ido ba ya gani, sai an kankare bakinta da reza kafin wuta ta shiga. Takardar bayanin ba ta faɗi haka ba, kuma wannan babban sakaci ne, don yaro shi kaɗai zai ɗauka ya kasa. Muna kankarewa ƙusa ta kwashi allurai, muna cire batir suka zube.

Da muka kusanto da wayar kan kamfas tana haɗe da batir, allurarsa ta karkata, abin da masanin kimiyya Oersted ya gano a Danmak a 1820. Na so in nuna mata kishiyarsa, wanda wani masanin, Faraday, ya gano a 1831, cewa motsa maganaɗisu cikin naɗin waya yana haifar da lantarki, tunda a kan haka janareta da injinan madatsar Kainji suke aiki. Amma akwatin ba shi da mitar da za ta nuna wannan 'yar wutar.

Maƙallan wayoyin ma ba su da ƙwari, biyu sun tsinke. In aka bar ƙusa a haɗe, waya da batir suna zafi, don haka a zauna tare da yaro. Na kuma ja mata kunne sosai kada wayoyin nan su kusanci soket, wutar bango volt 230 ce, tana kisa.

Duk da haka ina ba iyaye shawarar su saya, su haɗa da batir da reza. Ni yanzu 'yar ƙaramar mita nake nema mata, don gwajin Faraday yana nan yana jiranmu.