Sashen jinin da ya gano ciwon Yayana bayan wata bakwai ana yi masa maganin taifot

Yayana manomi ne a wajen Kumo, mutumin da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai ya ɗora a kan amalanke. Amma daminar bara ta same shi ba ya gama kunya biyu sai ya nemi inuwa. Da dare zufa ta jiƙe masa riga sharkaf. Loma uku ta tuwo sai ya tsame hannu ya ce ya ƙoshi, ya dafe gefen hagu na cikinsa, ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce kamar an ajiye masa dutse. Kemis uku muka zaga, kowa ya ce taifot da maleriya. Inna kuma ta haɗa masa da jiƙon shawara. Wata bakwai muna haka, mutum yana ta zubewa.

Daga ƙarshe na kawo shi Gombe, aka tura mu sashen cututtukan jini na wani asibiti. Ba zan kama suna ba, domin yabo nake tafe da shi amma akwai ƙorafi a ciki.

Abin da ya fara burge ni shi ne likitar ba ta ɗauki biro ba sai da ta kwantar da shi ta danna cikin da hannunta. Ta ce saifa ce ta kumbura har ta sauko kusa da cibiya, ita ke danne tumbi, shi ya sa yake ƙoshi da wuri. A wata bakwai ɗin nan babu wanda ya taɓa cikin nan. Ta rubuta gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, washegari sakamako ya fito. Ta ce fararen ƙwayoyin jinin mai lafiya kan tsaya tsakanin 4,000 da 11,000 a ma'aunin da suke amfani da shi. Na Yaya sun haura 180,000.

Ba ta tsaya a kan lambar ba. Ta ce ciwo mai tsanani na ƙwayoyin cuta ma kan ɗaga fararen ƙwayoyi, don haka dole a duba jinin da ido. Wani matashi a ɗakin gwaji ya ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya shafe shi siriri, ya rina shi, ya sa a madubin likita. Da ya ga na ƙosa sai ya ce, "Malam, zo ka leƙa." Na sa ido, sai ga ƙwayoyi ruwan makuba cunkushe kamar kasuwa ranar jajiberin salla, manya da ƙanana, waɗanda suka nuna da waɗanda ba su nuna ba. Ya ce waɗannan ɗanyun a cikin ɓargo ya kamata su zauna har su ƙosa, ganinsu a cikin jini shi ne alamar. A nan muka fara jin sunan ciwon: sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke kira CML.

Gwajin ɓargo shi muka fi jin tsoro, kuma a nan na ƙara ganin ƙimarsu. Sun yi masa bayani da Hausa tun kafin su taɓa shi. Aka kwantar da shi a gefe, aka yi allurar kashe zafi a bayan ƙugu, aka shigar da allura mai kauri cikin ƙashi aka zuƙo kaɗan. Ya ce zafin na ɗan lokaci ne, kamar an fizgi jijiyar ƙafarsa. Da ƙafarsa ya fito. Wannan gwajin ne ya nuna ciwon yana matakin farko, wanda ya fi jin magani, bai kai matakin da ɗanyun ƙwayoyi ke mamaye ɓargo ba.

Yaya bai ce uffan ba duk tsawon bayanin. Sai da muka miƙe ya juyo ya ce, "Likita, yarana fa?" Ta ce masa ya koma ya zauna. Ta ɗauki takarda ta zana sanduna biyu, ta rubuta 9 a ɗaya, 22 a ɗayar. Ta ce waɗannan kuromosom ne da ke cikin ƙwayoyin ɓargonsa, wato ƙananan zare masu ɗauke da umarnin yadda ƙwaya za ta yi aiki, kowanne ya gutsure suka yi musayar gutsattsarin, sai aka samu haɗin da ake kira BCR-ABL, shi ke tunzura ɓargo ya yi ta ƙera fararen ƙwayoyi ba hutu. A birnin Filadelfiya na Amurka aka fara gano kuromosom na 22 da ya gajarce saboda wannan musaya a 1960, shi ya sa ake kiransa da sunan birnin. "Malam, ba gado ba ne, ba a kuma ɗauka. Ku ci kwano ɗaya da iyalinka." Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Takardar nan har yau tana aljihunsa.

Ƙorafina kuwa a kan gwajin ƙarshe ne, na PCR, wanda ke tabbatar da BCR-ABL ɗin. Sai da aka aika jinin wajen jihar, aka ce mako biyu, muka yi kusan huɗu, ba wanda ya buga mana waya. Sau uku ina rufe shagona in je in tambaya. Ga layin kati, ga biyan kuɗi a taga daban-daban, marar lafiya na zaune a benci yana jira. Kuma babu ko takarda ɗaya ta bayani da Hausa ko Fulatanci da mutum zai kai gida ya karanta wa dangi. Wannan ba abin da zai ci musu kuɗi ba ne.

Da sakamakon ya zo da tabbaci, aka ɗora shi a kan imatinib, maganin da hukuma ta amince da amfani da shi a 2001, wanda aka fi sani da Glivec. Sau ɗaya ake sha a rana, bayan an ci abinci. Su ne suka rubuta mana takardar zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda aka daɗe ana ba masu wannan ciwon maganin kyauta ta hannun gidauniyar Max. Tafiyar akwai nisa da cin kuɗin mota, amma da saye za mu yi, ko gonar aka sayar ba za ta kai mu ko'ina ba.

Duk wanda nasa ke rama da zufar dare da nauyi a gefen hagu, kuma maganin taifot ya ƙi aiki, ya nemi a yi masa ƙidayar ƙwayoyin jini, a kuma duba jinin a madubi. Ni dai zan tura ɗan'uwana wannan sashen ba tare da ɗar ba, sai dai in ce masa ya karɓi lambar wayar ɗakin gwaji tun ranar farko.

Yanzu saifar Yaya ta koma, yana cinye malmala biyu. Duk bayan wata uku ake maimaita PCR a ga yadda maganin ke aiki. Na gaba ya faɗo daidai lokacin girbin wake, ya riga ya ce in zo in ɗauke shi da asuba domin ya koma gona kafin la'asar.