Tantance takardun neman tallafin ɗalibai: a ɓoye suna ko a kira su gaban kwamiti?

Malamai a Birnin Kebbi da Aliero sun sha tambayata wace hanya ta fi wajen auna takardun neman tallafin bincike na ɗalibai: a cire suna a ba malamai biyu su duba, ko ɗalibi ya kare tasa gaban kwamiti?

Cire suna ba ya cin kuɗi, kuma yana toshe ƙofar sanayya. Mai dubawa zai bi kasafin a natse, ya ga ko kuɗin motar zuwa gonakin shinkafa na Argungu ya dace da yawan zuwan da aka rubuta. Sai dai takarda ba ta faɗin wanda ya rubuta ta, balle yanzu da manhajoji ke tsara Turanci sumul.

Gaban kwamiti kuwa, tambaya ɗaya kan yadda za a zaɓo manoman ta isa ta tona asiri. Amma yana cinye yini, kuma mai baki kan danne ɗaliba mai kunya ko da aikinta ya fi nasa. Wannan na damuna ƙwarai.

Sashen da takardu suka yi wa yawa, ya cire suna. Mai ɗalibai kaɗan da tallafi mai tsoka, ya kira su.