Tsohon jirgi: a sauya masa inji ko a sayi sabo?

Mai ƙaramin jirgin sama na alfarma da ya kwana biyu hanya biyu ce a gabansa: ko ya ɗora masa sabon inji, ko ya rabu da shi ya sayi dal.

Sauyin inji ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, don gangar jikin jirgi ta fi inji daɗewa. Kamfanin Nextant ya gwada haka da jirgin Beechjet 400A, ya cire injin JT15D ya saka Williams FJ44. Hukumar jiragen saman Amurka ta amince da jirgin a 2011 da sunan 400XT. Shan mai ya ragu, zangon da yake ci kafin ya sauka ya ƙaru. Tun kafin nan an yi wa jirgin Falcon 20 irin wannan aiki da injin TFE731. Ga kuma batun ƙarar inji: daga ƙarshen 2015 Amurka ta hana ƙananan jirage masu tsohon inji mai ruri tashi, sai wanda aka rage wa ƙara.

Sai dai inji ba ya mayar da tsoho yaro. Wayoyin lantarki da tsatsa da ɗakin fasinja mai matsi suna nan daram, jirgin kuma zai shafe watanni a wurin gyara.

Sabon jirgi yana zuwa da garanti, kuma bankuna sun fi sakin jiki da shi, amma darajarsa kan zube da sauri a shekarun farko. A ganina, in gangar na da lafiya kuma jirgin na yawan tashi, sauyin inji ya fi. Jirgin da ke yini a ajiye kuwa, rarar man ba za ta taɓa mayar da kuɗin aikin ba.