Hayar mota a Saudiyya ko a Ingila: ina tuƙi ya fi sauƙi ga mutumin Katsina?

Alhaji, ka ce bana tafiya biyu ce a gabanka, Umara da iyali, sai kuma bikin kammala karatun yaronka a Ingila, kana tambaya a wacce ƙasa ya fi dacewa ka ɗauki hayar mota ka ja da kanka. Allah ya kai ku lafiya. Amsar a taƙaice: Saudiyya ta fi sauƙi ga hannunka, Ingila ta fi sauƙi ga zuciyarka, kuma duk biyun suna iya cin aljihunka bayan ka dawo gida.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Ingila ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12. Saudiyya ma tana barin mai ziyara ya tuƙa, sai dai kamfanonin haya sukan nemi lasisin ƙasa da ƙasa, don haka ka yi shi tun kafin ka bar Katsina. Ko'ina za su karɓi fasfo da katin banki mai sunan direba, su riƙe wasu kuɗi a kai har ka dawo da mota lafiya. Ka tambayi bankinka tun da wuri, don ba kowane kati suke karɓa ba.

A Saudiyya hannun dama ake bi, sitiyari na hagu, gudu da kilomita, kamar nan gida. Kana zama za ka ji kamar motarka ce. Jidda zuwa Makka kusan Katsina zuwa Daura ne, Makka zuwa Madina kuma wajen kilomita 450, titi shimfiɗaɗɗe. To wannan daɗin ne tarkon. Tun 2010 suka kafa kyamarorin da ake kira Sahir, masu kama gudu da tsallake danja, kuma tsallake jar danja kaɗai tararsa riyal 3,000 zuwa 6,000. Babu wanda zai tare ka, balle ka ce ranka ya daɗe a yi haƙuri. Saƙo ne zai je wa kamfanin haya, su kuma su zare daga katinka. Sannan ga direbobin garin. In ka daɗe a layin hagu, sai ka ga wata jibgegiyar mota ta manne maka a baya tana ƙyafta fitila. Kada ka taka totur don ka nuna masa kai ma ɗan gari ne, sa sigina ka koma dama ya wuce. In tsautsayi ya sa an gogi juna, kada ku sasanta a bakin titi. Ka ɗauki hoto, ka kira Najm, kamfanin da ke rubuta rahoton haɗarin motoci masu inshora, domin masu haya wannan rahoton za su nema.

Ingila kuwa ranar farko sai ka yi gumi. Hagu suke bi, yadda mu ma muke yi kafin a sauya a watan Afrilun 1972. Sitiyari na dama, giya a hannun hagu, amma kuloci da birki da totur suna inda ka san su. Ka ƙara kuɗi ka karɓi otomatik, wallahi ya fi maka. Abin mamaki, cikin cunkoso ba a cika ruɗewa ba, don kana bin bayan wani. Inda ake ruɗewa shi ne da sassafe, titi ba kowa, ka fito daga gidan mai, hannu ya kai ka dama ba ka sani ba. A shataletale hagu za ka shiga, kuma wanda ya taho daga damanka shi ke da hanya, ko da keke ne. Allon da ya ce 30 mil yake nufi, wato kilomita 48. A babbar hanya iyaka mil 70, kilomita 112 da 'yan kai. Unguwanni da yawa a Landan 20 ne kacal.

Amma da zarar hannu ya faɗa, za ka ga tuƙinsu da kwanciyar hankali, saboda kowa na kan layinsa, kana iya sanin abin da na gabanka zai yi. Wahalar ita ce dokoki birjik, rabinsu a ƙasa aka zana su da fenti. Layi biyu ruwan ɗorawa a gefen titi, ba a fakin. Layin bas ba naka ba ne a lokutan da allo ya nuna. Mai tafiya a ƙasa ya sa ƙafa a zanen tsallaka titi, dole ka tsaya. Riƙe waya kana tuƙi tararsa fam 200 ce. Yaron da bai kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 ba, sai da kujerarsa ta musamman. Wanda ya fi cin baƙi shi ne kuɗin shiga tsakiyar Landan da aka fara karɓa a 2003. Babu shinge, babu mai ba da rasit, kyamara ce ke karanta lambar mota, kai ne za ka shiga intanet ka biya. Ka manta, tara ta biyo ka, kamfanin haya ma ya ɗora ladan wahalarsa a kai. A gidan mai kuma da kanka za ka zuba, bakin famfo kore fetur, baƙi dizal. A Saudiyya ma'aikaci ne zai zuba maka, kai dai ka faɗi nau'in fetur ɗin, 91 ko 95.

Da ni ne kai, in Haramin Makka da na Madina kaɗai zan je, ba zan ɗauki mota ba. Wurin fakin kusa da Harami wuya gare shi, a goman ƙarshe na azumi ma hana ƙananan motoci shiga tsakiyar Makka ake yi, ga kuma jirgin ƙasan Haramaini, mai haɗa Makka da Madina, tun 2018. In za ku hau Ɗa'ifa da yara, nan hayar ta biya kuɗinta, amma ku bi hanyar dutsen Hada da rana. A Ingila, in makarantar yaron a Landan take, ka bar wa jirgin ƙasa da bas aikin. In a wani gari ce, ka karɓi motar a can, ba a filin jirgi ba bayan ka kwana a sama ido ba barci. Kuma in yaron ko Hajiya za su taɓa sitiyari, to a rubuta sunansu a takardar haya, in ba haka ba inshora ba ta san da su ba.